Masu Dakon Ruwa: Yadda Ake Kai Kifi da Ransa Daga Nguru da Gashuwa

In ka bi ta tashar mota a Gashuwa ko a Nguru kafin kiran assalatu, lodin kifi iri biyu za ka tarar. Na farko kwalaye ne da aka ɗaure tamau da igiya, ƙamshin hayaƙi na tashi daga cikinsu. Wannan banda ce, ta kama hanyar Kano, wata ma sai Onica ko Legas. Mai ita hankalinsa a kwance yake, don ko mota ta kwana biyu a hanya ba abin da zai sami kayansa. Na biyu kuwa jarkoki ne da aka yanke wa baki, da bahunan roba an rufe su da buhu, in ka kasa kunne za ka ji ruwa na motsi a ciki. Mai waɗannan ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya leƙa wannan, ya tsoma hannu a waccan, ya koma ya tambayi ɗan kamasho saura mutum nawa mota ta cika. Kayansa numfashi suke yi, kuma kowace sa'a da ta wuce daga cikin jarinsa take ci.

Tun kaka da kakanni, dabarar ƙasar nan ta kai kifi nesa ita ce a kashe shi, a nannaɗe, a ɗora bisa wuta, ko a shanya shi a rana. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, busasshen kaya ne suka fi cin moriyarsa: gyaɗa, fatu, ƙaro, kilishi da busasshen kifi. Ɗaukar kifi da ransa sana'a ce ta bayan nan, wadda ta bunƙasa da yaɗuwar kiwon kifi a gidaje da gonaki, da kuma yawaitar masu gashin tarwaɗa da farfesu a birane, waɗanda mai saye ke son ya nuna da yatsa ya ce waccan mai motsin za a yanka masa.

Ruwan da ke ciyar da sana'ar daga nesa yake zuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke malala cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa, sannan su haɗe su zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu daraja na yarjejeniyar Ramsar, fili mai faɗin hekta 58,100. Da damina ta kankama ruwa ya hau fadama, kifi kan bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai. Zuwa kaka ruwa ya fara janyewa, sai ya bar tafkuna da kududdufai cike da 'ya'yan tarwaɗa da ramboshi da karfasa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ba ta ƙara zuwa yadda dattawan masunta suka san ta ba. A wasu wuraren ruwan ya ragu, a wasu kuma ya zauna shekara cur ba ya tafiya, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin kwale-kwale. Duk mai neman 'ya'yan kifi a yau, da wannan ciyawa yake fara kokawa kafin ya ga kifin.

Hanya biyu ce kayan ke shigowa hannun ɗan sana'a. Ko dai ya saya wurin masunta a bakin ruwa, ko ya ɗauko daga gidajen ƙyanƙyasa na Kano da wasu biranen ya kawo wa masu kiwo a nan. Wato kifi na fita, kifi na shigowa, a kan hanya guda. A bakin ruwa kuwa, abin da gwani ke fara tambaya shi ne da me aka kama. Kifin da ya faɗa mali ko wata gura, ko wanda aka kwaso da koma a ruwa marar zurfi, jikinsa lafiya lau yake. Wanda kalli ya shaƙe wa wuya, ko wanda ya haɗiyi ƙugiyar mamari, na masu banda ne, ko da kuwa yana ta wutsil-wutsil a lokacin. Raunin da ido bai gani ba da safe, shi ne zai fito fari fat a fatarsa bayan kwana biyu.

Akwai wani yauƙi da ke lulluɓe jikin kifi, wanda shi ne rigarsa da ke tsare shi daga cuta. Busasshen hannu na goge shi, haka ma raga mai kaushi da yashin bakin tafki. Shi ya sa yaron da ya shigo sana'ar, darasinsa na farko shi ne ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, kada kuma ya matse shi. Za ka ji maigida na ce masa, kai yaro, a hankali, ba gyaɗa kake awo ba.

Ba a ɗaukar kifi ranar da aka kama shi. Sai an zuba shi a kwarmin siminti ko babban baho mai ruwa mai tsabta, a inuwa, ya huta. A nan ne mai rauni zai nuna kansa: ya ware gefe, ko ya tsaya a tsaye kansa sama jelarsa ƙasa, ko ya riƙa juyawa kamar mai hajijiya. A tsame waɗannan. Sauran kuma a hana su abinci kwana ɗaya cur, manya ma har biyu. Wanda bai san kan abin ba yakan ga kamar mugunta ce, har ya ce ai mai tafiya da guzuri ake sallamarsa. To ga dalilin. Kifin da ya ƙoshi, da mota ta fara jijjiga sai ya amayar, ya kuma yi kashi a cikin ɗan ruwan da yake shaƙa. Narkar da abinci ma kansa iska yake ci. Jarkar da aka cika da ƙosassun kifaye, kafin a kai Haɗeja ruwanta ya yi kauri ya fara wari. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe kifi, ƙazantar sa'a uku kuwa tana iya gamawa da jarka guda.

Sai tankaɗe. Tarwaɗa ba ta san ɗan'uwa ba. In aka haɗa babba da ƙarami a wuri mai matsi, kuma ga yunwa, babban zai haɗiye ƙaramin. A kowace ƙyanƙyasa akan samu wasu 'yan ƙalilan da ke zarce sa'o'insu girma ninki biyu ko uku, to su ake fara cirewa. Ana amfani da kwando ko baho mai huji daidai girman da ake so, ƙanana su zurare, manya su tsaya. Masu kiwo na kiran mai tsawon ɗan yatsa fingalin, wanda ya ɗara shi kuma jubenal, kowanne da kuɗinsa. Ƙirga kuwa da ɗai-ɗai ake yi a gaban mai saye, ana jefa tsakuwa ɗaya a gefe duk ɗari. In dubbai ne, sai a ƙirga cikin ƙaramar rariya ɗaya, a riƙa awo da ita. Daga ƙarshe a ɗora gyara, saboda kowa ya san hanya ba ta rasa cin nata.

Abin da ya sa tarwaɗa ta zama uwar wannan sana'a a ƙasa mai zafi irin tamu, halittarta ce. A cikin kanta, bayan jan naman da kifi ke tace ruwa da shi, Allah Ya yi mata wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya, wadda take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye. Don haka ruwa kaɗan ya ishe ta, muddin za ta iya ɗago baki sama. Wannan ne ya sa jarka mai lita 25 ko 50 ta wadatar. A wanke ta sarai, a tabbatar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi ba, a yanke mata taga a sama, a zuba ruwa bai fi rabi ba. Cika jarka fal kuskure ne da sababbin shiga ke yawan yi don tausayi. Suna ganin sun yi wa kifi gata, alhali sun toshe masa hanyar numfashi, ga kuma tambal-tambal ɗin ruwa na buga shi da bango. Manyan tarwaɗa na ci ma ruwan da zai rufe bayansu kawai ake sa musu a baho ko rabin duro, a ɗaure bakin da buhun da iska ke ratsawa, don in dare ya yi ba su da aiki sai tsalle.

Babban abokin gabar jarka kumfa ne. Tarwaɗa in ta firgita takan saki yauƙi da yawa, jijjigar mota ta kaɗa shi ya zama kumfa mai kauri a saman ruwa, 'ya'yan kifi su ɗago neman iska su tarar da rufi. Wasu kan ɗiga manja kaɗan don ya karya kumfan, kuma yana yi. Sai dai na ga inda aka zarce, man ya shimfiɗe a sama ya zama nasa rufin. A ganina ɗigo biyu ko uku ne iyaka, kuma ba abin da ya kai a rage yawan kifin a ƙara jarka, ko da kuɗin mota zai ƙaru. Wasu kuma kan narka ɗan gishiri, kamar cokalin shayi ɗaya a lita biyu. Kifin ruwan daɗi in ya wahala gishirin jikinsa na zurarewa cikin ruwa, wannan ɗan abin yana rage masa asara.

Karfasa kuwa ba ta ɗaukar wannan duka. Ita ba ta da wata hanya sai iskar da ta narke a ruwa, kuma ruwa marowaci ne wajen riƙe iska. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 20 ba ta riƙe oksijin da ya wuce miligram 9. In ɗumin ya kai 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi. A lokaci guda kuma, duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka buƙatar kifin. Wato zafi na rage abin da ke cikin kwano, yana kuma ƙara wa mai ci yunwa. A garin da ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu, wannan lissafi shi ne sana'ar gaba ɗayanta.

A nan ne leda da tukunyar oksijin ke shigowa, kuma a nan ne ake gane hannun gwani. Leda ce mai kauri, fara, a sa ɗaya cikin ɗaya. Kafin komai sai a ɗaure kusurwoyinta biyu na ƙasa da roba, gindin ya zama kewayayye, domin ɗan kifi in ya tsorata lungu yake nema, in ya cusa kai a kusurwa leda ta manne masa, nan zai mutu. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku. A zuba kifi. A matse ledar daga sama har iskar da ke ciki ta fita duka, a zura tiyo har cikin ruwan, a buɗe tukunya a hankali, leda ta kumbura ta ɗauki kashi biyun da suka rage. Sai a murɗe wuyanta sosai, a lanƙwasa shi ya koma kamar wuyan agwagwa, a naɗe da robar tiyub ko robar ɗaure kuɗi ninki-ninki. Ba a cika ta har ta yi tauri kamar ganga. A bar ta yadda yatsa zai ɗan shiga in an danna, saboda zafin hanya zai ƙara kumbura ta.

Mai kallo yakan yi mamakin ganin iska ta fi ruwa yawa a cikin ledar kifi. Amma iskar sarari, wadda kashi 21 cikin 100 nata ne kawai oksijin, tana ɗauke da abin da ya ninka na ruwa mai yawanta kusan sau 30. To ina ga tsantsarsa daga tukunya? Rumbun yana sama, ruwan mazubi ne kawai. Shi ya sa ake kwantar da ledar a gicciye, fuskar ruwa ta yi faɗi, kuma jijjigar da ke cutar da jarka a nan amfani take yi, don ita ke dama iskar cikin ruwan. Mota in ta tsaya cak na dogon lokaci, gwani kan bi ledojin yana ɗan girgiza su da hannu. Tukunyar kuwa, inda masu walda ke cika tasu nan ake cikowa, kuma tana son kiyayewa: maiƙo ko man inji kada ya kusanci bakinta, wuta ko sigari kada su matso.

Da wannan ledar ce dai ake kai kifi ƙasashen waje. A Turai da Amurka da Japan akwai miliyoyin gidaje masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da aka daɗe ana sayo shi daga cikinsu. Ta filin jirgin sama na Murtala Muhammed a Legas kayan ke fita, da takardar lafiya daga hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, bisa ƙa'idojin ɗaukar masu rai na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. A sa ledoji cikin akwatin soso mai riƙe ɗumi, a sa shi cikin kwali, a rufe; kifi ya yi sa'a 24 zuwa 48 cikin duhu ya isa da ransa. Yawancin abin da ake fitarwa daga kogunan kudu ake kamo shi. Amma duk wanda ya tashi a bakin Komadugu, in ya shiga irin waɗannan shaguna zai ga 'yan garinsu: gwando, ƙurungu, minjirya, talibambam, gaiwa, har da ɗan sarki. Kifin da yaranmu ke jefarwa gefe don ya yi ƙanƙanta da miya, a can shi ake haska wa fitila ana zama ana kallo.

Kowannensu da halinsa, kuma masuntanmu sun san halayen nan tun kafin a ƙera leda. Ƙurungu na da ƙayoyi uku masu kaifi, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya ji tsoro sai ya miƙar da su ya kulle. Leda biyu ba ta ishe shi, sai an ƙara ta uku ko an sa takarda a tsakani, kuma ba a kwasarsa da raga don zai sarƙe. Minjirya ita kaɗai ake ɗaure ta, domin babbarta na iya sakin lantarkin da ya kai bolt 350, ta kashe abokan tafiya. Talibambam in aka ɗaga shi sama ya kumbura da iska, wani lokaci ya kasa sacewa, sai a kamfato shi da kwano tare da ruwansa. Gwando na da huhu, dole a bar masa sararin ɗagowa, kuma ko ƙaramar kafa ya samu a murfi zai sulale.

Gaiwa ce ta fi su duka iya tafiya, don ita da kanta take ɗaure kayanta. Ruwa na ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta nannaɗe, yauƙinta ya bushe ya zama mata kwanso, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta zauna watanni har ruwan sama ya dawo. Maganar da Hausawa ke yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce, da naman jikinta take rayuwa a wannan zama. Masanin halittu na Ingila Richard Owen ya yi bayaninta a 1839 daga waɗanda aka kai masa daga Gambiya, kuma bayan nan an sha kai ta Turai a cikin dunƙulen busasshiyar laka, a jiƙa a can ta farka. Ba jarka, ba oksijin.

Mu dawo kan hanya. Tafiyar kifi ta dare ce ko ta sassafe. A bazara, wanda rana ta ɗaga masa bai wuce rabin hanya ba ya shiga uku. Ana shimfiɗa ciyawa ko kwali a ƙasan mota saboda zafin ƙarfe, a nisanta kaya da inji da salansa, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhun algarara. Iska na bugunsa yana sanyaya abin da ke ƙasa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Mai hali kan sa ƙanƙara, amma a ƙulle cikin tata ledar a ajiye a gefe, ba a jefa ta tsirara cikin ruwan kifi. Da hunturu kuma abin juyawa yake yi. Daren Disamba da Janairu a Nguru kan sauko ƙasa da digiri 15, 'ya'yan tarwaɗa su sandare su daina motsi, sai a jira hantsi kafin a tashi, a rufe su da bargo maimakon jiƙaƙƙen buhu.

Mai jarka kan tafi da ruwan canji daga gida, wanda kifin ya saba da shi, don ruwan hanya ba a san asalinsa ba. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, na burtsatse da aka jawo yanzu ba iska a cikinsa sai ya sha sarari. In an tsaya, a tsiyaye kamar rabi a mayar da sabo, ba duka a lokaci ɗaya ba.

Na taɓa shiga mota ɗaya da wani mai wannan sana'a, muka taso da asuba, taya ta fashe mana a dajin da ba inuwar kirki, safeya kuma ba iska. Kafin yaron mota ya je ya dawo, rana ta take. Mutumin nan ya sauke jarkokinsa shida shi kaɗai ya ja su ƙarƙashin wata 'yar aduwa, ya cire rigarsa ya jiƙa ya rufa musu, ya ƙarar da ruwan canjinsa, ya bi fasinjoji yana sayen ruwan leda da ke hannunsu. Wata dattijuwa ta miƙa masa nata ta ce, ungo ɗana, ba sai ka biya ba. Jarka huɗu suka tsira. Biyun da ya fi cikawa, da ya karkata su, fararen cikkunan kifi ne kawai ke birkitowa sama. Ya yi salati, ya tsame matattun ya zuba gindin bishiyar, ya koma kan masu rai.

Irin wannan tsaiko shi ne abin tsoro, ko na lalacewar mota, ko na shingen jami'an tsaro inda za a ce a sauke kaya a duba, ko na direban da ya tsaya cin abinci ya manta abin da ya ɗauko. Shi ya sa da yawa ba sa yarda su aika kifi saƙo sai da direban da suka sani, su ba shi na goro, su riƙa kiransa a waya gari-gari. Da yawa kuma sun gwammace su bi kayansu da kansu.

Isowa ba ita ce ƙarshen haɗari ba, kuma a nan masu saye suka fi yin ɓarna da hannunsu. Mutum ya ƙagu, ya kwance leda ya juye cikin kwarmi, ruwan leda da ɗumi na kwarmi da sanyi, kashegari ya wayi gari da gawarwaki ya ce an sayar masa da marar lafiya. Ƙa'ida ita ce a ɗora ledar a kan ruwan kwarmin a ɗaure, minti 15 zuwa 20, har ɗuminsu ya daidaita. Akwai kuma wani sirri da ya shafi doguwar tafiya. Kifi na fitar da amoniya, guba ce gare shi. Yana kuma fitar da iskar da ya gama amfani da ita, wadda ke taruwa a rufaffiyar leda ta sa ruwan ya ɗan yi tsami. An ce ruwa ba ya tsami banza, to wannan tsamin shi ke daƙushe kaifin gubar muddin leda na ɗaure. Ana kwancewa iskar ta fice, tsamin ya tafi, gubar ta farka. Saboda haka ledar da ta kwana a hanya, in an buɗe ta ba a jan lokaci: a tsame kifin a sa a sabon ruwa, na ledar a zubar a ƙasa. In tafiyar gajera ce, kamar tsakanin Nguru da Gashuwa, ana iya ɗiban ruwan kwarmi kaɗan-kaɗan ana ƙarawa a jarka, sannan a karkata ta su fita da kansu. Abinci kuma sai washegari.

Batun riba, wanda ya ga ana ƙirga dubbai zai ɗauka kuɗi ake kwasa. Amma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 50 da aka cika rabi ta kai kilo 25, kifin da ke ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Kuɗin motar da ɗan sana'a ke biya, kusan duka na dakon ruwa ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ƙara hawa daga baya, wannan nauyi ya ƙara danne shi. Ga leda, ga roba, ga cikon tukunya, ga ladan yara masu ƙirga da masu lodi, ga na ƙungiya a tasha, ga la'adar dillali.

Mu ƙaddara, a misali kawai, ya sayi dubu ɗaya a kan naira 40 kowanne, zai sayar a 60. Jari 40,000, ciniki 60,000. In hidimar hanya ta ci 10,000, saura 10,000 a hannunsa. Mutuwar kifi 50 ta ɗauke 3,000. In suka kai 170, ya yi aikin banza. Abin da ya haura haka daga aljihunsa ne. Kuma al'adar kasuwar ita ce mai rai ake biya, wanda ya mutu a hanya na mai kawowa ne. Wasu masu sayen ma sai sun ga kwana biyu ko uku kafin su cika kuɗi. Mai manyan tarwaɗa shi da kilo ake yi da shi, ga yunwar da ya sa musu da wahalar hanya sun rage musu nauyi kafin a ɗora a sikeli. Sauƙinsa ɗaya: wadda ta mutu, in an yi hanzari, ana iya yanka ta a ba masu banda a karye. Ɗan fingalin da ya mutu kuwa ko kaza sai ta ga dama.

Abin da ke riƙe mutum a sana'ar shi ne suna. Mai kiwon da ya sayi dubu ya ga sun rayu sun yi girma daidai, zai dawo bayan wata biyar ko shida in ya kwashe, ya kuma turo maƙwabcinsa. Wanda aka cusa wa tsumburarrun da suka daɗe ba su girma ba, aka ce masa 'yan sati huɗu ne, shi ma zai ba da labari. Kano da Damaturu da Potiskum ba su da nisa a bakin mutane.

Abu ɗaya ke damuna, shi ne kwasar 'ya'yan kifi daga fadama ba ƙaidi. Kududdufin da zai ƙafe kafin bazara, kwashe na cikinsa ceto ne, don in an bar su rabon tsuntsaye ne. Amma bin su da gidan sauro har cikin mashigar da ke komawa kogi, cin iri ne. Sarakunan ruwa da bulamai sun daɗe suna hana kamun kifi a wasu tafkuna sai ranar da aka buɗe, kuma bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram a kan irin wannan hani ya ginu. Gidajen ƙyanƙyasa a nan kusa, a Gashuwa da Nguru, za su rage wa kogi nauyi, su kuma rage wa ɗan kifi tsawon hanya. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga matasan da suka tashi da kifi a hannu. Haɗa su bai kamata ya gagara ba.

Wajen la'asar motocin da suka tafi da asuba ke fara dawowa. Jarkokin yanzu ba komai a ciki, an zura igiya ta hannuwansu an ɗaure a saman mota suna ƙwanƙwasar juna. Yaro zai sauke su ya kai bakin rijiya, ya wanke da ruwa zalla ba sabulu, ya kife su a inuwa. Maigida kuma ya wuce wurin kwarmi da 'yar tocilarsa, ya duba waɗanda za su tashi gobe, ya tabbatar ba wanda ya jefa musu abinci.